Mudun Ittup

Shekara ashirin da bakwai na yi a Dubai
ina ƙirga kuɗin wasu, har na tara nawa.
Da na dawo Kuttanad, inda ruwa ya fi tudu yawa,
na gina bene a gaɓar kogi,
na saya wa majami'armu ƙararrawar tagulla,
aka zana sunana a jikinta: Varkey ɗan Mathai.
Duk Lahadi idan ta kaɗa
sai in ji kamar ni ake yabo.

Ƙanena Ittup bai taɓa hawa jirgin sama ba.
Kwalekwale gare shi, mai faci uku,
da agwagi ɗari da yake kiwo a fadamar shinkafa bayan girbi.
Ba a taɓa sa shi cikin dattawan majami'a ba.
Idan ya ɗaga murya a waƙar yabo
yara sukan rufe baki suna dariya.

Ni nake aiko da kuɗin maganin mahaifiyarmu,
ban kuwa bari kowa ya manta ba.
Shi yake yi mata wanka.
Shekara shida bayan hankalinta ya gushe
tana kiransa da sunan ƙanenta da ya rasu tun tana budurwa,
yana amsawa, "Na'am, Yaya,"
yana murza mata ayaba da yatsa,
yana shafa man kwakwa a fason ƙafarta.

Sai daminar nan ta zo.
Ruwa ya ci tsakar gidana, ya hau matakala ta tara.
Na kwana a rufin bene, rungume da akwatin takardu.
Kafin asuba na ji filafili yana sara ruwa.
Kwalekwalen a cike yake:
tsohuwa Kalyani, wadda ba addininmu ɗaya ba, da akuyarta,
da Chacko, wanda ya kai Ittup kotu a kan iyakar gona
ya kuma ci nasara da shaidar zur.
Ittup ya ɗaga fitila ya ce,
"Yaya, bar akwatin. Nauyinsa na yaro guda ne,
kuma akwai yaro a gidan gaba."
Na bar shi.
Agwaginsa kuwa, ya buɗe musu ƙofa tun da dare,
bai ko waiwaya ba.

Zazzaɓin da ruwa ya bari ne ya ɗauke shi, cikin mako uku.

Ranar jana'iza ƙararrawata ta kaɗa,
ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta.
Chacko ne ya riƙe gaban makara, yana kuka kamar yaro.
Kalyani ta tsaya a bakin ƙofa, ba takalmi, har aka watse.

Da na zauna lissafin gado, tunda sana'ata ce,
na sami kwalekwale, gidan sauro, gicciyen katako da zarensa ya tsinke,
sai bashi a kantin Avarachan.
Na buɗe littafin.
Shinkafa, mudu huɗu duk Alhamis, shekara goma sha ɗaya,
da sunansa, zuwa gidajen da ba nasa ba.
Ya biya wasu. Wasu suna jira.

Na biya a take. Biya ba wuya gare ni.
Amma na fito kantin ina jin kaina fayau,
kamar tulun da aka ƙwanƙwasa aka ji ba ruwa.

Ya Yesu, na daɗe ina kawo maka sikelina
ina cewa ka duba.
Ashe da mudun Ittup kake awo.

Yanzu ina koyon tuƙi, da furfurata.
Tafin hannuna duk ya yi bororo,
kwalekwalen yana ta juyawa da ni a tsakiyar kogi,
yara a gaɓa suna dariya.
Yau Alhamis.
Shinkafar tana tsakanin ƙafafuna, kada ta jiƙe.